Christopher Isherwood: Marubucin Ingila da ya ga yadda 'yan Nazi suka murƙushe 'yan luwaɗi a Berlin

Duk wanda ke son sanin yadda birnin Berlin yake a shekarun ƙarshe kafin Adolf Hitler ya karɓi mulkin Jamus, da wuya a lissafa masa littattafan da zai karanta ba a ambaci na Christopher Isherwood ba.

Marubucin, wanda ɗan ƙasar Ingila ne, ya zauna a birnin daga 1929 zuwa 1933. Yana koyar da Turanci gida-gida domin samun kuɗin haya da na abinci, yana kuma rubuta abin da idonsa ya gani.

Sai dai littattafan da suka yi masa suna ba su faɗi abin da ya kai shi Berlin ba. Isherwood ɗan luwaɗi ne, a zamanin da hakan ke kai mutum gidan yari a ƙasarsa. Ya tafi Jamus ne saboda labarin da ya samu cewa a can masu irin ɗabi'arsa suna da wuraren taruwa da mujallu, har da likitoci da lauyoyi masu kare su.

Ya tarar da hakan kuwa. Ya kuma ga yadda aka rushe komai cikin ƙasa da wata huɗu. Da wuta ta taso, fasfon Birtaniya da ke aljihunsa ya fitar da shi. Mutanen da ya zauna a cikinsu ba su da wannan gatan. Sai da ya kai shekara 72 kafin ya ba da labarin yadda yake.

Asalinsa

An haifi Christopher William Bradshaw Isherwood ranar 26 ga Agustan 1904 a gundumar Cheshire da ke arewa maso yammacin Ingila. Gidansu gidan masu hali ne, masu filaye da wani tsohon gidan gado da ake kira Marple Hall. Suna da dangantaka da John Bradshaw, alƙalin da ya jagoranci shari'ar da aka yanke wa Sarki Charles na Ɗaya hukuncin kisa a 1649.

Mahaifinsa Frank hafsan soja ne. An kashe shi a fagen daga a Ypres da ke Beljiyam a watan Mayun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Christopher yana da shekara 10. Daga nan ya tashi a hannun mahaifiyarsa Kathleen, wadda burinta shi ne ya yi karatu ya zama malamin jami'a, ya riƙe sunan gidan. Malamai da dangi kuma ba su da zance sai na jarumtar mahaifinsa da yadda ya kamata ɗan jarumi ya kasance. Wannan ya sa yaron ya tashi da ƙin duk abin da ya shafi gadon gidansu.

A makarantar kwana ya haɗu da W. H. Auden, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Turanci na ƙarni na 20. Isherwood ya shiga Jami'ar Cambridge yana karanta tarihi, amma a 1925 da gangan ya cika takardar jarrabawa da barkwanci, ya bar jami'ar ba digiri. Ya yi wa wani makaɗi aikin sakatare, ya koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gida, ya fitar da littafinsa na farko a 1928 wanda bai yi kasuwa ba. Ya fara karatun likita a Landan, shi ma bai kai shekara ba ya ajiye.

Ingilar da ya baro

Ingilar wancan zamanin ba irin ta yau ba ce. Wata doka da aka yi a 1885 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu da aikin wahala ga duk namijin da aka samu da neman namiji ɗan'uwansa, ko da a ɓoye cikin ɗakinsa ne. Da ita aka ɗaure shahararren marubuci Oscar Wilde a 1895. Ya fito a karye, ya mutu a birnin Paris a 1900 cikin talauci.

Dokar ta buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Wasiƙa ɗaya in ta faɗa hannun mugu, sai ya yi ta tatsar mai ita da barazanar kai ta ga 'yan sanda ko jarida. Saurayi kamar Isherwood ya san kuskure ɗaya ya isa ya kai shi kurkuku, ya kuma zubar da mutuncin gidansu.

Auden ne ya fara zuwa Berlin a 1928, ya aiko wa abokinsa labari. A watan Maris na 1929 Isherwood ya kai masa ziyarar 'yan kwanaki. Kafin ƙarshen Nuwamban shekarar ya tattara ya koma can da zama, yana dogaro da ɗan kuɗin da baffansa Henry ke ba shi.

Berlin da ya tarar

Jamus ma tana da tata dokar. Sashe na 175 na kundin laifuffukan ƙasar, wanda aka kafa a 1871, ya haramta luwaɗi. Bambancin shi ne, bayan faɗuwar sarauta a 1918 an sassauta tace littattafai da jaridu. Su kuma 'yan sandan Berlin sun gwammace su bar wuraren taruwar a buɗe inda za su riƙa sa musu ido, maimakon su kore su su shige lungu.

Saboda haka birnin na da mashayu da gidajen rawa masu yawa na 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, da mujallunsu da ake sayarwa a fili a bakin titi. Wasu wuraren, kamar gidan rawa na Eldorado, 'yan yawon buɗe ido ne ke cika su domin kallon maza masu shigar mata. Isherwood ya fi zuwa wata ƙaramar mashaya ta 'yan ƙwadago a unguwar Hallesches Tor, wadda Auden ya nuna masa.

Ɗakin da ya fara haya yana manne da Cibiyar Nazarin Jinsi ta Dokta Magnus Hirschfeld, a gefen lambun shaƙatawa na Tiergarten. Hirschfeld likita ne Bayahude. Tun 1897 ya kafa ƙungiyar neman a soke Sashe na 175, a 1919 kuma ya buɗe cibiyar. A wurin ana duba masu ciwon sanyi, ana ba ma'aurata shawara, akwai kuma ɗakin karatu mai dubban littattafai da hotuna da bayanan marasa lafiya. Hirschfeld har yakan nemo wa masu shigar jinsin da ba nasu ba takardar shaida daga 'yan sanda domin kada a kama su a titi.

Masu tsattsauran ra'ayin kishin Jamus sun tsane shi, ga Yahudanci ga wannan aiki. A 1920 sun yi masa dukan kawo wuƙa a birnin Munich, har wasu jaridu suka buga cewa ya mutu.

A watan Oktoban 1929, makonni kaɗan kafin isowar Isherwood, wani kwamitin majalisar dokokin Jamus ya amince a soke sashen. Amma rikicin tattalin arziki da na siyasa ya sha gaban maganar, ba ta taɓa zama doka ba.

Haɗuwar Isherwood ta farko da mutanen cibiyar ba ta yi masa daɗi ba. Ya zauna cin abinci da marasa lafiya da ma'aikata, ya ga wanda ya ɗauka mace ce ashe namiji ne. Da aka zaga da shi ɗakin adana kayan nazari sai ya yi ta dariya, wadda daga baya ya ce ta kunya ce.

A ganinsa, shi ɗan babban gida ne mai wata ɗabi'a ta ɓoye da ta shafe shi shi kaɗai. Cibiyar ta nuna masa cewa a idon doka da na jama'a, shi da waɗanda yake yi wa dariya duk kanwar ja ce. Ƙyamar da ya gudo wa daga Ingila, ashe ya ƙunso wani kaso nata a cikin kansa. Sannu a hankali ya saba da su, ya yi abota da Karl Giese, mai kula da kundayen cibiyar kuma na hannun daman Hirschfeld.

Kuɗin baƙo, yunwar 'yan gari

Akwai ɓangaren labarin da ba ya ƙawata Isherwood. Ya isa Berlin ne jim kaɗan bayan kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929, bankunan Amurka suka fara janye bashin da ke riƙe da tattalin arzikin Jamus. Zuwa farkon 1932 marasa aikin yi a ƙasar sun kai miliyan shida.

Da yawa daga cikin samarin da ke zama a mashayun ba sha'awa ce ta kai su ba, yunwa ce. 'Ya'yan talakawa ne marasa aiki, wasu ba su kai shekara 20 ba, masu neman abin sawa a baki ko kuɗin takalmi. Mutumin da a Landan ba kowa ba ne, a nan sai ya zama mai kuɗi. Abin da Isherwood ya ɗauka 'yanci ne, ga wasu daga cikinsu ciniki ne na dole. Masu nazarin rayuwarsa sun daɗe suna sukar sa a kan wannan, shi ma da ya tsufa bai ɓoye cewa kuɗi da bambancin matsayi suna cikin lamarin ba.

A ƙarshen 1930 ya zauna na ɗan lokaci da wani iyalin talakawa a matsattsun ɗakuna na saman bene masu yoyo, uwar gidan tana fama da tarin fuka. A nan ya ga talaucin Berlin ido da ido. A Disamban shekarar ya koma gida mai lamba 17 a titin Nollendorf da ke unguwar Schöneberg, inda ya zauna har ya bar ƙasar. Mai gidan da 'yan hayarta, ciki har da Jean Ross, wata 'yar Birtaniya mai waƙa a gidajen rawa, su ne suka koma taurarin littattafansa da sunayen aro.

A farkon 1932 ya haɗu da Heinz Neddermeyer, wani matashi ɗan shekara 17 mai sharar titi. Isherwood ya girme shi da kusan shekara 10. Makomar wannan saurayi ce ta cinye shekara biyar na rayuwar marubucin.

Zuwan 'yan Nazi

A zaɓen Satumban 1930 jam'iyyar Nazi ta tashi daga kujeru 12 zuwa 107 a majalisa. A na Yulin 1932 ta samu 230, ta zama mafi girma a ƙasar. Titunan Berlin suka koma fagen fama tsakanin 'yan bangar Nazi da na 'yan gurguzu.

Ƙyamar ba daga ɓangare ɗaya take ba. Ernst Röhm, shugaban 'yan bangar Nazi masu kaki ruwan ƙasa, ɗan luwaɗi ne, kuma jaridun abokan hamayya masu ra'ayin 'yan ƙwadago sun yi ta yi wa jam'iyyar gori da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, matsayin Röhm ya sa wasu 'yan luwaɗin Berlin suka yaudari kansu cewa Hitler ba zai taɓa su ba.

Ranar 30 ga Janairun 1933 aka naɗa Hitler shugaban gwamnati. Cikin makonni aka fara rufe mashayun, aka haramta mujallun. Ginin Eldorado ya koma ofishin 'yan Nazi. Bayan gobarar majalisar dokoki ta 27 ga Fabrairu, aka dakatar da 'yancin jama'a, kame ya zama ruwan dare. Ranar 1 ga Afrilu aka ƙaurace wa shagunan Yahudawa. Abokan Isherwood suka fara watsewa: wasu sun gudu, wasu an kama su, wasu kuma ya gan su sanye da kakin Nazi.

Ranar 6 ga Mayu, ɗaliban wata kwalejin motsa jiki suka zo cibiyar Hirschfeld a manyan motoci, da 'yan badujala a gaba. Suka fasa ƙofa, suka lalata kaya, suka kwashi littattafai. Da yamma 'yan bangar Nazi suka zo suka ƙarasa. Ranar 10 ga Mayu aka tara littattafan tare da na wasu marubuta a dandalin Opernplatz aka cinna musu wuta, aka jefa mutum-mutumin kan Hirschfeld a ciki, ministan farfaganda Joseph Goebbels ya yi jawabi.

Isherwood yana cikin taron 'yan kallo a wannan daren. Daga baya ya rubuta cewa ya nuna rashin amincewarsa, amma da murya ƙasa-ƙasa.

Hirschfeld ba ya ƙasar. Tun ƙarshen 1930 ya fita rangadin laccoci a Amurka da Asiya da Gabas ta Tsakiya, bai kuma sake taka Jamus ba. A wani gidan sinima a Paris ya kalli yadda ake ƙona aikin rayuwarsa. Ya mutu a birnin Nice na Faransa ranar 14 ga Mayun 1935, ranar da ya cika shekara 67. Karl Giese ya kashe kansa a 1938 yana gudun hijira a Cekoslobakiya.

An gudu ba a tsira ba

Ranar 13 ga Mayun 1933 Isherwood ya bar Berlin a jirgin ƙasa tare da Heinz. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Shi Isherwood duk iyakar da ya je fasfonsa na buɗe masa ita. Heinz kuwa talaka ne mai fasfon Jamus, ba sana'a, ba kuɗi, ba ƙasar da ke marmarin karɓar sa.

Sun fara zama a wani ƙaramin tsibiri a Girka. A watan Janairun 1934 Isherwood ya yi ƙoƙarin shigar da shi Ingila a matsayin baƙon mahaifiyarsa. Ya aika masa kuɗin da zai nuna wa jami'ai, haɗe da wasiƙar da ke koya masa ya ce nasa ne.

A tashar jiragen ruwa ta Harwich, jami'an shige da fice suka samu wasiƙar a jikin Heinz. Suka karanta ta a gaban Isherwood, suka yi masa tambayoyin da ke nuna sun gane irin alaƙar da ke tsakaninsu. Suka hana Heinz shiga, aka mayar da shi a jirgi na gaba. Ƙasar marubucin ce da kanta ta fara rufe wa saurayin ƙofa, kuma Isherwood bai taɓa yafe wa Ingila wannan ba.

Daga nan sai yawo: Holan, tsibiran Canary na Sifaniya, Denmark, Beljiyam, Fotugal, Faransa. Ko'ina takardar zama ta 'yan watanni ce.

A Jamus kuwa al'amura sai ƙara muni suke yi. A tsakiyar 1934 Hitler ya sa aka kashe Röhm. A watan Maris na 1935 aka dawo da dokar tilasta wa matasa shiga soja, abin da ya mayar da Heinz mai gudun aikin soja. A watan Yunin shekarar aka tsaurara Sashe na 175, ta yadda abu kaɗan ya isa shaida. A 1936 Heinrich Himmler ya kafa ofishi na musamman na farautar 'yan luwaɗi.

Isherwood ya taɓa karkata ga 'yan gurguzu. Amma a 1934 Tarayyar Sobiyet ma ta mayar da luwaɗi laifin da ake ɗaure mutum a kansa, abin da ya sanyaya masa gwiwa game da su.

Da ya ga ba mafita, sai ya nemi saya wa Heinz takardar zama ɗan wata ƙasa. Ta hanyar abokinsa Gerald Hamilton aka haɗa shi da wani lauya a Brussels da ya yi alkawarin takardun ƙasar Meziko. Mahaifiyarsa Kathleen ta biya fam 1,000, kuɗi mai yawa a wancan lokacin. Ba a taɓa ganin takardun ba.

A watan Mayun 1937 hukumomin Luxembourg suka kori Heinz. Lauyan ya ba da shawarar ya tsallaka Trier, garin Jamus da ke kusa da iyaka, ya karɓi bizar Beljiyam ya fito. A can 'yan sandan ciki na Gestapo suka kama shi.

Aka gurfanar da shi kan gudun aikin soja da kuma luwaɗi. Domin ya samu sassauci, aka ɗora laifin lalata shi a kan Baturen Ingilan da hannun kotu ba zai kai gare shi ba. Aka yanke masa ɗaurin wata shida, da shekara ɗaya ta aikin gwamnati na tilas, da shekara biyu a soja.

In aka duba abin da ya samu wasu, Heinz ya tsallake rijiya da baya. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin 1933 da 1945 an kama maza kusan 100,000 a ƙarƙashin Sashe na 175, an yanke wa kusan rabinsu hukunci. Tsakanin 5,000 zuwa 15,000 aka kai sansanonin gwale-gwale, inda ake liƙa musu ƙyalle ruwan hoda mai kusurwa uku a riga. Da yawansu ba su fito da rai ba.

Littattafan da suka ɓoye rabin labari

A cikin wannan yawon ne Isherwood ya rubuta littattafansa na Berlin. Mr Norris Changes Trains ya fito a 1935, Goodbye to Berlin kuma a 1939, duka daga maɗaba'ar Hogarth ta Leonard da Virginia Woolf. Sun nuna mai gidan haya da ke sauya baki yadda iskar siyasa ta kaɗa, da iyalin Yahudawa masu babban kanti da ke jiran abin da zai same su, da talakawan da yunwa ke turawa ga Nazi ko ga gurguzu.

Mai ba da labari a littafi na biyu yana ɗauke da sunan marubucin, amma ɗan kallo ne kawai. Ba a faɗi abin da ya kawo shi birnin ba. Babu Heinz, babu cibiyar Hirschfeld. Dokar 1885 tana nan daram a Ingila, ga mahaifiya, ga baffan da ke ba shi kuɗi. Ta haka ɗaya daga cikin shahararrun shaidun faɗuwar Berlin ya yi shiru a kan mutanen da ya fi sani a birnin.

A 1956 ya soki littafinsa na Mr Norris da kansa. Ya ce ya mayar da birnin da mutane ke fama da yunwa da tashin hankali tamkar wata tatsuniya ta nishaɗi. Ita ma Jean Ross, wadda daga baya ta yi aikin jarida a yaƙin basasar Sifaniya, ba ta taɓa jin daɗin yadda ya zana ta a matsayin Sally Bowles, yarinyar da ba ruwanta da siyasa, ba.

Rayuwa a Amurka

A 1938 shi da Auden suka je Sin domin rubuta labarin yaƙinta da Japan. A Janairun 1939 suka tafi Amurka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka yi ta zagin su a Birtaniya cewa sun gudu, har maganar ta kai majalisar dokoki a 1940.

Isherwood ya bayyana cewa ba zai ɗauki makami ba. Dalilinsa shi ne Heinz yana cikin sojojin Jamus, kuma in ba zai iya harbin sa ba, ba shi da hujjar harbin wani, domin kowane soja akwai wanda ya damu da shi. A 1941 zuwa 1942 ya yi aikin sa-kai a Pennsylvania yana koya wa 'yan gudun hijirar Turai Turanci. Ya zauna a California, ya rubuta wa kamfanonin fim labarai, ya zama almajirin wani malamin addinin Hindu, Swami Prabhavananda, har suka fassara littafin Bhagavad Gita tare a 1944. Da baffansa ya mutu a 1940, sai ya bar wa ƙanensa Richard gadon gidan. Ya zama ɗan Amurka a 1946.

A 1952 ya koma Berlin, birnin yana cike da kufai. Ya samu Heinz da rai, ya yi aure, yana da ɗa mai suna Christian. Rayuwar kowa ta kama gabanta.

A 1953 ya haɗu da Don Bachardy, wanda ya girma da shekara 30, wanda daga baya ya zama mai zanen hotuna. Tare suka zauna har mutuwarsa. Labaransa na Berlin suka koma wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe mai suna Cabaret a 1966, sannan fim a 1972 wanda ya ci lambobin yabo na Oscar takwas.

A 1976 ya fitar da Christopher and His Kind, inda ya sake ba da labarin shekarun 1929 zuwa 1939 ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A ciki ne duniya ta ji labarin cibiyar Hirschfeld kamar yadda ya gan ta, da abin da ya faru a Harwich, da kamen Trier, da kuma rauninsa shi kansa a lokacin da ake buƙatar ƙarfin hali.

Ya mutu ranar 4 ga Janairun 1986 a gidansa da ke Santa Monica bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 81. An ba makarantar koyon likitanci gawarsa domin nazari.

Abin da ya biyo baya

Faɗuwar Hitler a 1945 ba ta kawo ƙarshen Sashe na 175 ba. Wasu da aka fitar daga sansanoni an mayar da su kurkuku su ƙarasa wa'adinsu, ba a kuma lissafa su cikin waɗanda za a biya diyya ba. Jamus ta Yamma ta ci gaba da aiki da sashen kamar yadda 'yan Nazi suka tsaurara shi har 1969, aka yanke wa wasu dubbai hukunci. Ingila ta sassauta tata dokar a 1967.

Sai a 1994 Jamus ta goge sashen gaba ɗaya. A 2002 majalisar dokokinta ta soke hukunce-hukuncen zamanin Nazi, shekara 65 bayan shari'ar Trier. A 2017 ta soke na bayan yaƙi, ta kuma amince a biya waɗanda suka rage da rai diyya.

A yau akwai allo a jikin gida mai lamba 17 a titin Nollendorf da ke nuna cewa Isherwood ya zauna a nan, kuma masu yawon buɗe ido na zuwa kallonsa. Tafiyar 'yan mintoci daga wurin, a bangon tashar jirgin ƙasa ta Nollendorfplatz, akwai wani allon mai kusurwa uku da aka kafa a 1989 domin tunawa da waɗanda aka kashe. Babu sunan kowa a jikinsa.